Yaya ake adana shafin intanet don a karanta shi ba data?

Ɗalibar Ungozoma:

Assalamu alaikum masana. Don Allah ina neman taimako. Akwai shafuka kamar ashirin da nake son in riƙa bita, darussa ne masu hotuna da jadawalai, amma inda nake zaune sabis ba ya tsayawa, sai na shigo gari nake samun intanet mai ƙarfi. Wayata Android ce, da Chrome nake shiga, ina kuma da kwamfuta mai Windows. Na danna tauraro a waya, da data ta ƙare shafin ya ƙi buɗewa. A kwamfuta na danna Ctrl+S na kwafi fayil ɗin a filas, da na buɗe sai rubutu tsirara, ba hoto ko ɗaya, tsarin ma duk ya wargaje. Mene ne ban yi daidai ba? Sannan ina son in tura wa ƙawayena biyu, ɗaya daga cikinsu iPhone gare ta. Na gode.

Mai Gyaran Waya:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tauraron nan adireshin shafin kawai yake riƙewa, ba ya ɗauko komai daga cikinsa, shi ya sa yake neman data duk lokacin da kika taɓa shi. Abin da kike nema yana maƙwabtaka da shi.

Buɗe shafin a Chrome, ki bari ya gama lodi. Ki gangara a hankali har ƙasan shafin, kina tsayawa kowane hoto ya fito. Sai ki danna ɗigo ukun da ke sama ta dama. A layin farko za ki ga 'yan alamomi a jere, akwai tauraro, kusa da shi akwai kibiya mai kallon ƙasa da layi a ƙarƙashinta. Ita za ki danna. Idan ya gama, ki koma ɗigo uku, ki shiga "Downloads", shafin yana nan. In kin buɗe shi za ki ga an rubuta "Offline" a gefen adireshi, alamar kwafin da ke cikin wayarki kike karantawa.

Akwai gajeruwar hanya: idan kika danne mahaɗi kika riƙe, za ki ga "Download link", zai sauke shafin ba tare da kin buɗe ba. Yana da sauri, amma ban ba ki shawarar sa ba a shafi mai hotuna da yawa, don yakan bar wasu a baya. Haka kuma idan sabis ya ɗauke, hoton dabbar nan ta Chrome ya fito, sau da yawa akwai maɓallin "Download page later" a ƙasa. In kin danna, da zarar sabis ya dawo zai sauke da kansa.

Abin da ya fi komai muhimmanci: kafin ki bar inda sabis yake, ki sa wayar a yanayin jirgin sama, ki kashe Wi-Fi, ki buɗe kowane shafi ɗaya bayan ɗaya ki duba har ƙasa. Muddin data tana kunne, waya za ta iya cike giɓi daga intanet ba ki sani ba, sai kin koma gida ki tarar da rabin abu.

Batun turawa kuma, Chrome yana ajiye shafin ne a wani nau'in fayil da ake kira MHTML. Chrome da Edge suna buɗe shi, amma iPhone ba ta jituwa da shi, Firefox ma ba ya buɗewa. Kuma in kika danna "Share" daga cikin shafin, galibi adireshin kawai zai tafi. Don haka wa ƙawayenki PDF za ki yi: ɗigo uku, "Share", "Print", a sama inda ake zaɓen firinta ki zaɓi "Save as PDF", ki danna maɓallin zagaye, ki ba shi suna. Wannan kowace waya tana buɗewa, kuma a WhatsApp ki tura shi a matsayin takarda.

Mai iPhone ɗin in tana son yi da kanta, a Safari ta danna alamar rabawa, ta zaɓi "Add to Reading List", sannan a saitin Safari ta kunna "Automatically Save Offline". Idan ba ta kunna wannan ba, jerin zai cika da sunaye amma ba abin da zai buɗe ba data, sai wanda ta adana da hannu.

Opera Mini da Samsung Internet su ma suna da nasu wurin adana shafuka, kuma suna aiki. Matsalarsu ɗaya: abin yana zama a cikin manhajar. Ranar da aka goge bayananta don neman fili, ko aka yi wa wayar filashin, ya tafi ke nan.

Malamin Kwamfuta:

Malama, abin da ya faru da ke a kwamfuta sananne ne, kuma gyaransa ba wuya. Shafin intanet ba abu ɗaya ba ne. Akwai fayil ɗin HTML mai ɗauke da rubutu, akwai hotuna kowanne da fayil ɗinsa, akwai fayilolin CSS masu tsara launi da girman rubutu da inda komai zai zauna, akwai kuma JavaScript mai sa abubuwa su motsa. Burauza ce take tattaro su ta haɗa miki a kan sikirin.

Idan kin danna Ctrl+S, ki dubi ƙasan akwatin da ya buɗe, inda aka rubuta "Save as type". A Chrome da Edge zaɓi uku ne.

"HTML Only" rubutun kawai yake ɗauka. Ba hoto, ba tsari. Bai dace da buƙatarki ba.

"Complete" yana ajiye abu biyu: fayil mai ƙarewa da .html, da folda mai suna iri ɗaya da aka ƙara wa _files a ƙarshe. Duk hotuna da tsarin suna cikin foldar nan. Su biyun hanta da jini ne. Ina kyautata zaton wannan kika zaɓa, kika kwafi fayil ɗin kika bar foldar a kwamfuta. In haka ne, ki koma inda kika ajiye, ki kwashe su tare, su zauna wuri guda, komai zai dawo. Kada ki sauya wa foldar suna daga baya, domin a cikin fayil ɗin an rubuta sunanta harafi da harafi. In ya sauya, hotuna sun ɓace. Tun lokacin adanawa za ki zaɓi sunan da kike so. Ki kuma lura, Windows yana ɗaure su da juna: in kika goge foldar kina ganin tarkace ce, fayil ɗin ma zai bi ta.

"Single File" shi ne MHTML ɗin da ɗan'uwa ya ambata. Komai a fayil guda, ba folda. Yana da kyau in ke kaɗai za ki karanta a Chrome ko Edge.

Ni dai ga darussa irin naki, PDF na fi ba da shawara, amma a yi shi da kula. Danna Ctrl+P, a "Destination" ki zaɓi "Save as PDF". Kada ki ɗauki "Microsoft Print to PDF" in akwai na farkon, don shi yakan kashe mahaɗan da ke cikin shafin, su koma rubutu kawai. Sai ki buɗe "More settings". Ki sa alama a "Background graphics", in ba haka ba jadawali mai launi zai fito fari fat, wani lokaci ma farin rubutun da ke kan launi ya ɓace gaba ɗaya. Ki bar "Headers and footers" a kunne, shi ne yake buga adireshin shafin da ranar da kika adana a gefen takarda. Idan jadawali ya yi faɗi har gefensa na dama ya yanke, ki mayar da takardar a kwance, wato "Landscape", ko ki rage "Scale" zuwa 70 ko 80. Ki duba samfurin da ke gefe shafi-shafi kafin ki danna adanawa.

Abin da yake yawan ɓata PDF shi ne sanarwar nan da ke manne a sama ko ƙasan sikirin, ta neman yarda ko ta talla. In ba ki rufe ta ba, za ta iya maimaituwa a kowace takarda ta rufe layi biyu ko uku. Ki rufe su tukuna. In shafin ya cika da tarkace, a Edge ko Firefox danna F9 yana shigar da ke yanayin karatu, wanda yake tsame rubutu da manyan hotuna kawai, daga nan sai ki yi PDF mai tsabta. Sai dai yanayin karatun yakan watsar da jadawali wani lokaci, don haka ki kwatanta da asalin.

Sunan fayil ki taƙaita shi. Burauza tana ɗauko dogon taken shafin ne, kuma Windows yana da iyakar haruffa 260 ga cikakkiyar hanyar fayil a saitinsa na asali. Dogon suna cikin folda cikin folda shi ke sa kwafi zuwa filas ya tsaya a tsakiya. Suna kamar 03-hawan-jini ya wadatar, lambar kuma za ta jera miki su bi da bi.

Injiniya:

Malam ya yi bayani mai kyau, amma ina da ɗan sabani a kan fifita PDF. Don turawa ga mutane, ba abin da ya kai shi, wannan ba gardama. Amma don karatu a waya yana gajiyarwa, saboda an yanka shi ne a girman takardar A4. Rubutun ba ya bin faɗin sikirin, sai kina zuƙowa kina ja hagu da dama. Ga kuma hoto ko jadawali da kan rabu biyu a mahaɗar takardu.

Abin da na fi gamsuwa da shi wani ƙarin burauza ne mai suna SingleFile. Kyauta ne, Gildas Lormeau ne ya rubuta shi, kuma yana nan a ma'ajiyar Chrome da Edge da Firefox. Ki sa shi a burauzar kwamfutarki, ki buɗe shafin, ki danna alamarsa a sama. Zai ba ki fayil guda ɗaya na .html wanda hotuna da tsari da nau'in rubutu duk suna cikinsa. Bambancinsa da MHTML shi ne kowace burauza tana buɗe shi, tunda HTML ne na yau da kullum. A waya kuma rubutun zai daidaita da sikirin kamar yadda asalin shafin yake yi. A can saman fayil ɗin yana rubuta adireshin asali da ranar adanawa. Tunda shafukanki ashirin ne, ki buɗe su duka, ki tabbatar kowanne ya gama lodi, ki danna alamar da maɓallin dama na linzami, akwai zaɓin adana dukkan shafukan da ke buɗe a lokaci guda.

Fayil ɗin yana ɗan nauyi, domin hanyar da ake mayar da hoto rubutu a cusa shi ciki tana ƙara masa kusan kashi ɗaya bisa uku na girmansa. Ga shafuka ashirin wannan ba abin damuwa ba ne. A Android, Chrome ba ya karɓar irin wannan ƙari, amma Firefox na Android yana karɓa, kuma SingleFile yana aiki a cikinsa.

Ga wanda zai karanta zaren nan yana son kwashe shafuka masu yawa, akwai wget, manhajar kwamfuta da ake rubuta wa umarni ta sauke shafuka. Ka zuba adireshin shafukan a fayil, kowanne a layinsa, ka sa masa suna jeri.txt, sai ka rubuta:

wget -p -k -E -H -w 2 -i jeri.txt

Harafin p yana ɗauko hotuna da CSS na kowane shafi, k yana gyara mahaɗai su koma nuna abin da ke kan kwamfutarka, E yana ƙara .html inda babu, H yana ba shi izinin ɗauko hoton da ke zaune a wani gidan yanar daban, w 2 kuma jiran daƙiƙa biyu ne tsakanin buƙata da buƙata don kada a takura wa uwar garken mutane. Kada ka haɗa H da r, harafin da ke sa shi bin mahaɗai, sai ka iyakance wuraren da zai shiga, in ba haka ba zai bi mahaɗi daga wannan gida zuwa wancan har datarka ta ƙare. HTTrack ma aikin da yake yi ke nan, yana da tagogi na dannawa ga wanda ba ya son rubuta umarni.

Raunin su biyun ɗaya ne: ba sa gudanar da JavaScript. Shafukan zamani da yawa ƙwarangwal kawai suke aikowa, sai JavaScript ya je ya ɗebo rubutun daga baya. Irin waɗannan in ka sauke su da wget, farin shafi za ka samu. SingleFile bai da wannan matsala tunda abin da burauza ta riga ta nuna yake ɗauka.

Wani abu da ya shafi rubutun Hausa: a kwafin da aka sauke ta wannan hanya, yakan faru ƙ ta koma Æ™, ɗ ta koma É—, musamman in an buɗe da ƙaramar manhajar duba fayil. Rubutun bai lalace ba, manhajar ce ba ta san cewa da tsarin haruffa na UTF-8 aka rubuta shi ba. Ka buɗe da cikakkiyar burauza, ko ka buɗe fayil ɗin a Notepad ka ƙara <meta charset="utf-8"> daidai bayan <head>, ka adana.

Ɗalibar Ungozoma:

Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara ilimi. Malam, gaskiyarka, foldar tana nan, na haɗa su hotuna sun dawo. Na sa SingleFile ma ya yi. Saura abu uku. A wasu PDF ɗin hotunan farko sun fito amma na tsakiya da na ƙasa akwati ne kawai ba komai. Akwai kuma shafi mai tambayoyi da sai ka danna amsar take buɗewa, a kwafin na danna ba ta motsi. Na uku, bidiyon da ke cikin darasi ɗaya bai zo ba. Sannan shafin makarantarmu da ake shiga da kalmar sirri, shi ma ana iya adana shi?

Injiniya:

Amin Malama. Ukun duk tushensu ɗaya: kwafi yana ɗaukar abin da ya riga ya iso burauzarki ne a daidai lokacin da kika adana.

Hotunan da suka fito fanko, masu shafin ne suka tsara kada hoto ya sauka sai mai karatu ya gangaro kusa da shi, don a rage cin data. Ke kuma kin danna Ctrl+P kina sama, na ƙasa ba su taɓa sauka ba. Ki sake buɗewa, ki gangara sannu-sannu har ƙarshe. Danna maɓallin End ba ya wadatarwa, don yana tsallake na tsakiya. In sabis yana da rauni ki ba kowane hoto lokacinsa. SingleFile yana ƙoƙarin jawo irin waɗannan hotuna da kansa, amma shi ma gangarawar tana taimaka masa.

Tambayoyin masu naɗewa JavaScript ne yake buɗe su. Chrome ba ya barin JavaScript ya yi aiki a cikin MHTML, SingleFile ma yana cire shi a saitinsa na asali, PDF kuwa takarda ce. Saboda haka ki buɗe kowace amsa da hannu kafin ki adana, haka duk wani "Read more". In shafin irin wanda buɗe ɗaya yake rufe ɗaya ne, ki duba ko akwai maɓallin buɗe duka ko na bugawa. In babu, ki kwafi amsoshin ɗaya-ɗaya zuwa Word, ya fi sauƙi a kan neman dabara. Haka darasin da aka raba shafi na 1, na 2, na 3, kowanne sai an adana shi daban. Mahaɗan da ke cikin kwafi har yanzu intanet suke nunawa.

Bidiyo ba ya cikin shafin tun asali, taga ce kawai aka buɗe zuwa YouTube ko wani wuri. Sai dai ki neme shi a manhajar YouTube ki ga ko yana da maɓallin saukewa.

Shafin makaranta kuwa, ki shiga da kalmar sirrinki, ki je inda kike so, ki yi PDF. Haka ake yi wa takardar JAMB da sakamakon jarrabawa da rasidin biyan kuɗi, tunda ƙarshenta bugawa za a yi. wget da umarnin da na bayar a sama ba zai wuce ƙofar shiga ba. Amma irin wannan kwafin yana ɗauke da sunanki da lambarki da duk abin da ke kan sikirin, don haka kada ya shiga cikin waɗanda za ki tura. In a shagon kwamfuta kika yi, ki goge shi daga "Downloads" da kwandon shara kafin ki tashi. Littafi ko darasin da aka saya da kuɗi kuma, adana wa kanki daban ne da rarraba shi a zaure. Wannan haƙƙin masu shi ne.

Hajiyar Laburare:

'Yata, ƙari biyu zan yi a kan abin da malamai suka faɗa.

In cikin abin da kike karantawa akwai Wikipedia, kada ki wahalar da kanki da adana shafi ɗai-ɗai. Ki sauke manhajar Kiwix, kyauta ce, tana nan a Android da iPhone da kwamfuta. Tana buɗe wasu fayiloli da ake kira ZIM, kowanne kundi ne cikakke da za ki yi bincike a cikinsa ba data. Akwai Wikipedia ta Hausa, akwai kuma kundin da aka ware na maƙalolin lafiya kaɗai da Turanci, wanda zai yi miki amfani. Ki dubi girman fayil kafin ki taɓa: Wikipedia ta Turanci gaba ɗaya da hotunanta ta haura gigabait 100. Mai alamar maxi da hotuna yake, nopic ba hotuna, mini kuma gabatarwar kowace maƙala ce kawai. Ki sauke a Wi-Fi, ki ajiye a katin memori, ƙawayenki su kwafa daga wajenki.

Na biyu, wasu za su ce miki ki yi amfani da Wayback Machine na Internet Archive. Yana da amfani ƙwarai: ki shiga web.archive.org, ki liƙa adireshi a "Save Page Now", ko masu shafin sun goge shi daga baya kwafin yana nan. Amma a wurinsu yake zaune, sai da intanet za ki gan shi, don haka bai magance matsalarki ba. Manhajojin ajiye karatu ma kada ki dogara da su kaɗai. Pocket ta yi shekaru mutane suna tara maƙaloli a cikinta, Mozilla ta rufe ta a watan Yulin 2025. Fayil ɗin PDF ko HTML da ke hannunki ki ajiye shi wuri biyu, waya da filas.

Tunda fannin lafiya kike, ki riƙa sa ranar adanawa a sunan fayil, kamar 03-hawan-jini-2025-11. Kwafi ba ya sabunta kansa, ƙa'idojin magani da adadin da ake bayarwa kuwa ana sauya su. Duk shafin da ya ƙunshi adadin magani, in kin shigo gari ki buɗe na intanet ki kwatanta da naki, in an sauya ki adana sabo ki goge tsohon, ki kuma sanar da waɗanda kika tura wa.